Allah Ya Saka wa Waɗanda Suka Raba Mu da Rumbu

Akwai alherin da bai kamata a jira sai mai shi ya mutu sannan a yi masa godiya ba. Irinsa ne masu tsara harkar noma ta zamani suka yi wa manomin hatsi a ƙasar nan, kuma abin kunya ne a ce har yau babu wanda ya miƙe ya yi musu kirari yadda ya dace. Manomi dai ba zai yi ba, don butulci ya yi masa katutu. Kana ce masa ya gode sai ya soma karanto maka kuɗin taki. To, ni zan yi a madadinsa.

Kafin a san girman abin da aka yi mana, sai an tuna irin gonar da aka tarar da mu a ciki. Ka shiga gonar kakanka ka rasa gonar mece ce. Ga gero, ga dawa a tsakaninsa, ga wake yana yaɗo a ƙasa, can gefe gyaɗa, a kan iyaka yakuwa da kuɓewa, a tsakiya kuma wani ƙaton gawo ya tsaya babu mai ce masa kanzil. Da ruwan farko ya sauka a shuka gero, wani ma don gaggawa tun ruwan bai zo ba ya yi binne. Cikin wata uku gero ya nuna, a kwashe shi tun damina ba ta yi sallama ba, dawa ta samu sarari ta miƙe, wake ya sha rana. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya shiga gida. In ruwa ya yi yawa ya ɓata gero, dawa tana nan. In dukansu suka ƙi, ga wake. In waken ma bai yi 'ya'ya ba, ga harawa, a ba akuya, a kai akuya kasuwa a auno hatsi. Mutum ya zauna yana ta yi wa masifa tanadi tun ba ta aiko da saƙo ba. Don Allah ina tawakkali a nan?

Abin takaici, har masu ilimin boko an samu sun goyi bayan wannan hargitsi. A shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, da ke aiki a Samaru, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau yana auna aikinsu da abin da suke girbewa, ya fito ya ce wai cakuɗa shuka ya fi shuka abu ɗaya kawo kuɗi a kowace eka, kuma ya fi shi tabbas daga wannan shekara zuwa waccan. Michael Mortimore shi ma ya ɓata shekaru yana bin ƙauyukan arewa maso gabashin tsohuwar Jihar Kano bayan farin 1972 zuwa 1974, yana rubuta dabarun da mutane suka rayu da su. Alhamdu lillahi, an ajiye waɗannan rubuce-rubuce inda ƙura ke kula da su.

Babban mai laifi kuwa shi ne rumbu. Ka duba ta'asar da yake yi. A ɗaure gero dami-dami a zangarniyarsa, a jera a ciki, a rufe, ya kwana shekara, wani ya kwana biyu ko uku. Babu kuɗin ruwa, babu la'ada, babu dillalin da ya ci ko sisi, babu bankin da ya san da zamansa. Maigida ba ya buɗewa sai aiki ya kankama a damina, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma ma'aikata ke buƙatar tuwo. Daga ciki ake fitar da zakka, daga ciki ake suna da biki, daga ciki ake ɗebar wa ƙanwar da mijinta ya gaza, da almajiri, da maƙwabcin da ya zo da daddare don kada a gan shi. Matan gida su sussuka, su surfa, su yi fura da koko su sayar, su sayi akuya da kuɗinsu. Duk wani akawu mai mutunci da ya ga wannan dole zuciyarsa ta ɓaci: dukiya a kwance tana barci, ba ta amfanar kowa sai masu ita.

Gyaran bai fara jiya ba. Tun tsakiyar shekarun 1970, da Bankin Duniya ya kawo ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, aka soma koya wa manomi tarbiyya. Aka kawo masa ingantacciyar masara da taki mai rahusa, masara ta bazu a ƙasar da a da sai a bayan gida ake ganinta ana gasa wa yara. Ta fi dawa auki, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Sharaɗinta ɗaya ne tak: ba ta aiki sai an biya ta. Dawa da gero sun saba da talauci, in an ba su kashin shanun da Fulani suka bari bayan kaka, ko takin bola da jakuna ke ɗaukowa daga birnin Kano, sai su gode. Masara kuwa 'yar gata ce, ba ta san wannan ba. A ba ta buhunta na kamfa da na yuriya a kan kari, in ba haka ba ta yi rawaya ta tsaya tana kallon mai gona. Da haka manomi ya samu abokin hulɗa na dindindin, wato mai sayar da taki.

Amma cikar ni'ima sai ranar 17 ga Nuwamba, 2015, a Birnin Kebbi, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Duk wanda ya zana wannan tsari, Allah Ya ƙara masa basira. Manomi ya shiga ƙungiya, a buɗe masa asusu, a ɗauki lambar BVN ɗinsa, a rubuta girman gonarsa. A ba shi iri, a ba shi taki, a ba shi maganin feshi, wani har da injin ban-ruwa, duk bashi, ruwansa kashi 9 cikin ɗari. Da kaka ya kwashi amfanin ya kai wa kamfanin da aka ɗaura shi da shi, a cire bashi, in akwai saura a ba shi. A Kebbi kaɗai manoma sama da 70,000 ne suka shiga a zangon farko. Ka ga an hutar da mutum tunani. Ba sai ya zaɓi abin da zai shuka ba, an zaɓa masa. Ba sai ya zaɓi iri ba, an zaɓa masa, galibi Faro 44. Ba sai ya yi yawon kasuwa yana ciniki ba, mai saye na nan yana jira. Amfani ɗaya, iri ɗaya, mai saye ɗaya, mai bin bashi ɗaya. Tun fil azal matanmu ke wahalar ɗora tukunya a kan duwatsun murhu uku, sai yanzu masana suka gano cewa dutse ɗaya ya isa, muddin babu wanda ya yi tari a kusa.

Tsofaffi za su ce ai sun san wannan, falle ne: ka karɓi abu da damina ka biya da hatsi da kaka. Su bar wannan magana. Mai cin falle a da ɓoyewa yake, da duhu yake zuwa gidan mai kuɗi, matarsa ma ba ya so ta ji. Yanzu kuwa da rana tsaka ake yi, a kafa rumfuna, a zo da gwamna, a ɗauki hoto. An cire wa abin kunya, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Sai batun iri, inda aka yi mana gata na musamman. Da can manomi kan tsaya a gona yana zaɓen zangarniya mafi ƙoshi, ya ɗaure ta daban, ya rataye, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta. Irin ya san ƙasar, ƙasar ta san shi, kowane ƙauye da nasa: wannan mai saurin nuna ne, wancan tsuntsu ba ya iya masa, wancan yana jure wuta-wuta. Ɓata lokaci ke nan. Masara mai aure ta kawo ƙarshen wannan ɗawainiya, domin in ka ajiye 'ya'yanta ka sake shukawa ba za ta yi maka yadda ta yi bara ba, sai ka koma shago. Kowace shekara sabon iri, cikin leda mai hoto. Kuma ba da ka muka yi ba, daga manya muka koya. A Amurka, a 1970, kusan kashi 85 cikin ɗari na masarar ƙasar daga tsatso ɗaya ta fito ta wajen uwa, don hakan ya fi wa kamfanonin iri sauƙin aiki. Sai wata cutar ganye ta zo ta tarar duk gonakin ƙofa ɗaya gare su, ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na amfanin shekarar. Ita ma cuta ai baiwar Allah ce, bai kamata a riƙa wahalar da ita tana koyon kowace gona daban ba.

An ce a wurare da yawa taki kan iso bayan lokacin zuba shi ya wuce. An ce an samu manoman da gonarsu ba ta wuce takarda ba, waɗanda suka karɓi kaya suka sayar a bakin ofis. Ƙananan abubuwa ne waɗannan. Wanda ya noma takarda ai ya fi kowa fahimtar tsarin, don shi ne ambaliya ba ta taɓa yi wa ɓarna ba.

Gwamnati kuma ta yi abin da ya dace ta kewaye shirin da katanga. A Yunin 2015 aka hana masu shigo da shinkafa dala daga hannun hukuma. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Masana'antun gyaran shinkafa suka yi ta tsirowa a Kano da Argungu da Birnin Kebbi, aka yi Lake Rice tsakanin Legas da Kebbi, noman shinkafa ya ƙaru ƙwarai, wasu manoma suka je Makka, wasu suka ƙara aure. Duk wanda ke da fili kusa da ruwa ya mayar da shi na shinkafa. Matan da ke turara shinkafa a gida su kai kasuwa su ma aka hutar da su hayaƙi, tunda shanshera daga gona sai babbar mota.

Sai 2020 ta zo don a gwada ƙarfin ginin. Ruwa ya cika kogin Rima da na Kwara, ya hau fadamun Kebbi, daga Argungu har Bagudo da Yawuri. Aka ƙiyasta hekta 450,000 na shinkafa sun nutse a jihar, aka ce abin da ruwa ya ci ya kai rubu'in shinkafar da ƙasar ke sa ran girbewa a shekarar. A waɗannan fadamu ne kakanni suka daɗe suna noma wata jar shinkafa ta gargajiya mai bin ruwa, ruwa na hawa tana ƙara tsawo. Ba ta da auki, tana zubewa in ta bushe, injin zamani ba ya ƙaunarta, ba ta da kyan gani a faranti. Ba na cewa da ita ce a gonakin da duk ta tsira, amma aƙalla ita ta san ruwa, sun saba. An yi daidai da aka ture ta gefe, don ba a gina masana'anta a kan shinkafar da ba ta jin magana.

A nan ne fa tsarin ya nuna ƙwarinsa, kuma ina so masu sukar sa su saurara. Ruwa ya ci shinkafa, ya ci taki, ya ci gumin shekara, ya rushe gidaje. Abu ɗaya ne ya fito daga ambaliyar ko jiƙewa bai yi ba, shi ne bashin. Cibiyoyin bincike sun shekara da shekaru suna neman irin da zai jure fari da ambaliya da tsutsa gaba ɗaya, ashe yana cikin littafin banki. Akwai inshora a tsarin, kuma a cikin bashin aka lissafa kuɗinta, sai dai an tsara ta ne ta kare abin da aka ranta, ba tuwon gidan wanda ya ranta ba. Manomin da ya koma gida ya duba inda da yake shuka dawar tudu saboda irin wannan rana, sai ya tuna ai ya daina wannan ƙauyanci.

A shekarar ta 2020 dai aka yi wani abin burgewa da masara. A watan Yuli aka hana dala ga masu shigo da ita, don a kare manomin gida. Wata biyu ba su cika ba aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000, saboda kaji sun shiga wani hali. Kaji ma suna da haƙƙi, kuma su suna da masu magana da yawunsu.

Ranar 18 ga Janairu, 2022, aka kai mu ƙololuwa. Aka tara buhun shanshera miliyan ɗaya a Abuja, aka gina dala 13, shugaban ƙasa ya zo ya buɗe, aka ce babu irinsu a duniya. Shinkafar bashi ce aka karɓo daga jihohi, aka ɗoro a manyan motoci aka kawo ta garin da ba a nome ta ba, don manya su gani da idonsu, sannan aka sake ɗora ta a motoci zuwa wajen masu injin. Masu jawabi suka ce an dawo da zamanin dalar gyaɗa ta Kano, kuma sun yi gaskiya fiye da yadda suka nufa. Ita ma gyaɗa haka aka yi da ita: amfani ɗaya, hukumar saye ɗaya, farashi daga sama. Fari ya raunata ta a farkon shekarun 1970, cuta ta gama da ita a 1975, filin dalar ya zama wajen ƙwallon yara. Wanda ya zaɓi wannan misali don yi wa shinkafa fatan alheri ya san tarihi.

Wata tara bayan bikin, ambaliyar 2022 ta zo, ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasar, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A Rukubi ta Jihar Nasarawa, inda kamfanin Olam ke da katafariyar gonar shinkafa wadda ake kai baƙi su ga yadda noman gobe zai kasance, ruwa ya karya shinge ya shanye sama da hekta 4,000. Ka ga amfanin babbar gona ke nan. Da a hannun ƙananan manoma dubbai abin yake, a warwatse, wasu a tudu wasu a kwari, da sai an yi wata ana yawo kafin a san yawan asarar. Nan kuwa rana ɗaya aka gama lissafi.

Masu kewar zamanin baya za su ce ai a zamanin rumbu ba a yunwa. Ƙarya ne, an yi. An yi Kakalaba a 1914, an yi ta 1973, an ci abin da ba a faɗa. Amma dubi irin yunwar: ta ƙauye ce, ba ta zuwa sai sama ta hana ruwa ko fara ta sauka. Yunwa ce mai jiran dalili a gida. Ta zamani ta waye, ba ta jiran fari. Tana iya tasowa daga canjin dala, ko daga yaƙin da ake yi a ƙasar da manomi bai taɓa jin sunanta ba, ko daga takardar da wani ya sa wa hannu a Abuja bayan la'asar. An haɗa manomin Kebbi da duniya, duk inda aka yi atishawa sai ya ji a gonarsa.

Ga misali. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniyar taki da Maroko, aka ce buhun NPK naira 5,500. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, sinadarin fotash da ake haɗa takin da shi ya maƙale, sai da Najeriya ta garzaya Kanada neman na gaggawa. A watan Maris na shekarar aka buɗe masana'antar takin Dangote a Legas, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, kuma jiragen ruwa suka yi ta ɗauka zuwa Brazil da Amurka, inda ake biya da dala. Babu laifi, kasuwa ce. Manomin gida ma an girmama shi, ana sayar masa da farashin da ya yi daidai da na takwaransa na Brazil, ba a raina shi ba. Buhun da aka yi alkawari a 5,500 daga baya ya haura naira 40,000 a kasuwanni da dama. Ya waiwaya neman kashin shanu, ya tarar shi da mai shanun sun daɗe ba sa ga maciji, dajin ma wasu ne ke iko da shi, sai an biya su kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wannan harajin babu layinsa a takardar lissafin shirin, saboda haka a hukumance babu shi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin fetur da jimla guda. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Noman rani kuwa, wanda shi ne abin alfaharin shirin, a kan injin ban-ruwa mai shan fetur yake tsaye. Shinkafa ba ta san an cire tallafi ba, ita dai a ba ta ruwa.

Kuɗin da aka zuba a shirin sun haura naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal aka biya, Babban Banki ya fito ya ce a'a, kashi 52 ne. Ni dai ina tare da Babban Banki, don abin alfahari ne mutum ya tsaya gaban duniya ya rantse cewa rabin kuɗinsa ne kawai ba su dawo ba. Da aka canja shugabancin bankin a cikin shekarar, sabon gwamna Olayemi Cardoso ya ce ba aikin babban banki ba ne rabon irin wannan bashi, aka naɗe tabarma. Manomin da aka koya wa cewa iri da taki daga ofis suke zuwa ya je ofis ya tarar da kwaɗo. An yaye shi ke nan, ya zama cikakken ɗan kasuwa mai cin gashin kansa.

To ina hatsin ƙasa yake kwana, tunda an rage na gida? Gwamnatin tarayya tana da manyan rumbunan ƙarfe a wurare 33, kuma a 2018 aka amince a ba 'yan kasuwa hayar kimanin 20 daga ciki, don kada su ma su kamu da cutar ajiye hatsi babu riba. Da tsada ta kai intaha a Fabrairun 2024, mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano, jama'a suka tare hanya a Minna, sai aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 daga ajiyar ƙasa. Raba wannan ga mutum miliyan 200, kowa zai tashi da abin da bai kai rubu'in kilo ba. Ka ga an yi maganin almubazzaranci. A watan nan ne kuma hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta je Dawanau ta garƙame wasu manyan ɗakunan ajiya bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar suka ce su ba ɓoyewa suke ba, ajiya ce ta ciniki. Ni a nan na ga rashin adalci. Shekara nawa ana faɗa wa manomi ya sayar da kaka, kada ya bar jari a kwance? Ya ji magana ya sayar. Dole wani ya saya, kuma dole wanda ya saya ya ajiye. Ajiyar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi daga gidaje dubu zuwa hannun mutum ɗaya mai makulli, wanda ya san darajarta, ba ya buɗewa don suna ko don maƙwabci ya zo da daddare. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Buhun shinkafar da ake saye wajen naira 10,000 lokacin da aka fara shirin ya doshi 100,000. Dama alkawarin da aka yi shi ne za a ɗaga darajar shinkafar gida.

Kada na manta da matasanmu masu manhaja, waɗanda tun wajen 2016 suka gano cewa ma'aikacin banki a Legas zai iya noma masara a Kaduna ta wayarsa, a yi masa alkawarin riba tun ba a yi shuka ba. A 2020 da yawa daga masu zuba kuɗin suka yi ta jiran ribar da uwar kuɗin, suka ɗanɗani abin da manomi ke ji in hadari ya haɗu ya watse. Ilimi ne da ba a samu a jami'a.

Sai babi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne daɗi. A Yulin 2024 gwamnati ta ba da kwana 150 a shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, babu haraji. Indiya ma ta sassauta takunkumin fitar da shinkafarta, farashi ya faɗi a duniya. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma ya cancanta. Manomin da ya sayi taki da farashin dala, ya sayi fetur babu tallafi, ya biya 'yan ƙwadago da kuɗin yau, ya kai amfaninsa kasuwa a 2025 ya tarar ana taya shi da farashin da manomin Tailan da na Indiya suka yanka. Masana'antun shinkafa da dama suka rage aiki, wasu suka rufe, mai sayen nan ɗaya tilo ya kashe waya. A da manomi ya san shekarar asara ita ce shekarar da gona ta ƙi. Yanzu an faɗaɗa masa dama, yana iya yin asara ko da gona ta yi kyau.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne labarin da ke fitowa daga karkara, cewa manoma da yawa sun fara ja da baya daga masara da shinkafa, suna komawa dawa da gero da waken suya da riɗi, abubuwan da ba sa cin taki sosai. In ba a yi hattara ba aikin shekara hamsin zai rushe. Gero musamman shi ne ya fi ba ni tsoro. Har yau yawancin masu noma shi daga hannunsu suke fitar da iri, ba sa tambayar kowa, ba sa cike fom, ba su da asusu, kuma abin da suka girbe cikinsu yake fara shiga kafin kasuwa. Daga Daura har Gumel, har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, miliyoyin mutane suna kwana da ƙoshi ba tare da wani kamfani ya amfana ba. Ina kira ga masu ruwa da tsaki da su gaggauta: a samo iri ɗaya mai aure, a nemo kamfani ɗaya da zai saye, a kafa kwamiti, a buga fom, a sa ranar ƙaddamarwa kafin ruwa ya sauka.